Wane Littafi Za Ki Fara Saya Wa Yaron Da Kike Koyarwa A Gida?

Maganarmu ta yau a kan yaran nan ce 'yan shekara huɗu zuwa shida, waɗanda suka sauka daga baya amma ba su isa shiga aji ɗaya na firamare ba, da irin littafin da ya kamata a fara ɗora musu a hannu.

A wannan yanki namu na Funtuwa da Malumfashi, da yawan irin waɗannan yara a gida suke wuni tare da iyayensu mata. Makarantun nazare na kuɗi suna cikin gari, kuɗinsu kuwa ba kowane magidanci ke iya ɗauka ba, balle manomin da sai kaka yake ganin kuɗi a hannunsa. Ajin share fage da aka tanada a makarantun firamare na gwamnati ba kowane ƙauye ya samu ba, inda aka samu ma wani lokaci sai a tarar yara sun fi ƙarfin malama ɗaya. Sa'an nan ga matsalar tsaro. Tun watan Disamba na 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, hankalin iyaye bai ƙara kwanciya da nisan yaro da gida ba. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume an sha rufe makarantu, iyalai da dama kuma sun baro gonakinsu sun dawo cikin gari sun raɓe wajen dangi. Uwar da ta ce ɗanta ɗan shekara biyar ba zai taka mil biyu shi kaɗai ba, ba mai ganin laifinta. Shi ya sa mata da yawa, musamman waɗanda suka yi firamare ko sakandare kafin aure, suka ɗauri aniyar koya wa 'ya'yansu karatu da kansu, tsakanin girki da surfe da suyar awara.

Tambayar da irin waɗannan mata suka fi yi wa malaman makaranta ita ce, wane littafi zan saya? Galibi kuma kafin su tambaya an riga an sayo. Maigida ya je kasuwa ya sayar da buhun masara, ya tsaya wajen mai littattafai, an miƙo masa wanda ya fi ƙyalli, ya kawo gida da murnarsa. Bayan wata biyu yaro ya haddace waƙar haruffan Turanci daga farko har ƙarshe, amma in an rubuta masa sunansa a ƙasa bai san shi ba ne.

Abin da ya kamata uwargida ta fara sani shi ne, littafin yaro ƙarami iri biyu ne, aikinsu kuma daban. Akwai wanda ke za ki karanta masa yana saurare, ni ina kiransa littafin kunne. Akwai kuma wanda shi zai bi da yatsa ya karanta da bakinsa, watau littafin ido. Na kunne yana iya zama mai dogon labari da kalmomi masu nauyi, domin kunnen ɗan shekara biyar ya riga ya san Hausa sosai, har ƙarya yana iya shiryawa da ita. Idonsa ne bai san komai ba tukuna. Haɗa waɗannan biyu wuri ɗaya shi ke kawo kuka. Sai a ɗauko wa yaro Magana Jari Ce, don an san littafi ne mai daraja, a ce ya karanta, ya ga shafi cike da baƙaƙe kamar tururuwa, daga ranar ya tsani takarda. Da rarrafe yaro kan tashi.

Bari mu fara da na ido, tun da shi ne mai wuyar zaɓe.

Ra'ayina a fili yake: littafin ido na farko ya zama na Hausa. Na san wasu za su ce, ai Malama, Hausa a gida ake jin ta, Turanci muke so yaro ya iya don shi ne na jarrabawa da aikin ofis. Ni ma ina son ya iya Turanci. Amma ki duba abin da ake nema daga ɗan ƙaramin nan. Karatu shi ne yaro ya gane cewa wannan zanen da ke kan takarda yana wakiltar sautin da ke fita daga bakinsa, in an haɗa sautuka kuma sai kalma ta fito. In ya haɗa "ka" da "za" ya ji bakinsa ya ce kaza, nan take zai ɗaga kai ya dubi wadda ke tona a gindin murhu, ya yi dariya. Ya gane sirrin ke nan. In kuwa kalmar Turanci ce, ko ya haɗa daidai ba abin da zai faɗo masa a rai, don bai san ta ba. An ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe, sai ya yar da duka ya kama hadda.

Har ila yau rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi. Wasulanmu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaron da ya san "b" ya san wasulan nan, ya mallaki ba, be, bi, bo, bu, ba mai ƙwace masa. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44, harafi ɗaya yau ya yi wannan ƙara gobe ya yi wata. Su kansu Turawan abin yana ba 'ya'yansu wuya. A wani bincike da aka buga a 2003, an gwada yaran ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko ta koyon karatu. Yaran Finlan da Girka da Italiya da Sifen, waɗanda rubutunsu ke bin lafazi kamar namu, sun karanta kusan duk kalmomin da aka ba su, amma yaran Birtaniya masu koyo da Turanci ko rabi ba su kai ba. To in ɗan da aka haifa cikin harshen ya sha wannan wuya, ina ga ɗan Bakori?

A nan Nijeriya ma an gwada. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci yana zaman darasi guda. Da aka auna su da waɗanda aka koyar da Turanci, ba su gaza a Turancin ba, a sauran darussa kuma sun yi gaba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a inda yake zaune. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a kai wannan har aji shida, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke tsarin, aka ce a koma Turanci tun daga farko. Wannan magana ce ta manya, suna can suna muhawara a kanta. Abin da ya shafe mu a tsakar gida shi ne, in makaranta ba za ta tsaya ta koya wa yaro karatu da harshensa ba, to sai uwa ta yi kafin ya tafi. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana iya karanta Hausa, ya riga ya san yadda harafi ke aiki, abin da ya rage masa kawai shi ne kalmomin Turanci da ƙa'idojinsu.

Akwai wani ɗan littafin Turanci da ya cika makarantun nazare da teburan masu sayar da littattafai, Queen Primer. An rubuta shi ne fiye da shekara ɗari da suka wuce domin yaran Ingila. A 2023 gwamnatin Jihar Kano ta hana aiki da shi a makarantu saboda ƙorafin da aka yi a kan wasu kalmominsa. Ni ko ba wannan ƙorafi, ba zan ba ɗan shekara huɗu shi a matsayin littafin farko ba, domin an shirya shi ne ga yaron da ya tashi yana jin Turanci a bakin uwarsa. Haka nan littattafan nan na haruffa masu hoton tuffa da sarauniya da jirgin ruwan shaƙatawa. Ba su da laifi a ajiye don kallon hoto, amma kada ki ɗauka karatu ake yi.

To yaya za ki gane littafin Hausa mai kyau? In da hali ki je da kanki. In ba ki fita, ki aiki 'yarki ko ƙanwarki 'yar makaranta, ki gaya mata abin da za ta duba, ko ki roƙi maigida ya karɓo biyu ko uku a gani a mayar da sauran. Kada bango ya ruɗe ki. Buɗe shafi na farko, ki ƙirga haruffa nawa ne a cikinsa. Littafi na ƙwarai da haruffa kaɗan yake farawa, biyu ko uku, ya juya su ya sake juyawa, sa'an nan ya ƙaro ɗaya. Ki wuce shafi na biyar ko na shida ki ɗauki kowace kalma ki tambayi kanki, duk haruffan da ke cikinta an riga an koyar da su a baya? In kin ga tun shafi na biyu an jefo kalma irin ƙyanƙyasa ko tsattsauran, ki ajiye shi, wanda ya rubuta bai taɓa zama da yaro ba. Tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, ky, gw da ƙw sai can gaba, bayan yaro ya saba da tilo.

Kada kuma ki damu in littafin bai bi jerin a, b, c ba. Wannan jeri yana da amfaninsa, amma ba da shi ake fara karatu ba. Ki duba wannan misali. Da haruffa biyar kacal, a, m, n, s, t, yaro zai karanta mama, nama, tasa, masa, sama, mata, nasa, nata. Har jimla cikakkiya zai karanta: Mama ta sa nama a tasa. Cikin mako biyu ko uku ɗan shekara biyar yana iya kai wa nan, ranar da ya kai kuwa duk gidan sai an ji. Wanda aka tsare sai ya haddace dukkan haruffa kafin a ba shi kalma ɗaya, zai yi watanni yana rera abin da bai san amfaninsa ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. A makarantar allo da babbaƙu ake farawa, sai farfaru, sa'an nan a shiga haɗa baƙi da wasali ana karantawa, ba a taɓa tsallake mataki. Masu Islamiyya kuma sun san Ƙa'idar Bagadadi, yadda take ɗaukar yaro daga harafi guda zuwa haɗaɗɗu a hankali. Littafin boko mai kyau haka yake tafiya. Wasu mata kan ji tsoron kada yaro ya rikice, wannan daga dama wancan daga hagu. Abin da na gani a aji shi ne yara suna ɗaukar biyun lafiya lau, in dai an raba musu lokaci, allo da safe boko da la'asar, ko akasin haka. Ɗan juya harafi da yaro kan yi a farko, ya rubuta "b" a maimakon "d", yana wucewa da yawan gani.

Abu na gaba da za ki duba, wanda mutane da yawa ba su kula da shi, shi ne haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma 'y. Yanzu kowa na iya buga littafi a shagon kwamfuta, da yawa kuma ba su damu da sa lanƙwasar ba. Babba yana iya cankar abin da ake nufi, yaro ba ya iyawa. Baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, kare daban ƙare daban, bari daban ɓari daban. Littafin da ya rubuta "kasa" a ƙarƙashin hoton ƙasa yana koya wa ɗanki kuskure da kuɗinki. Ki nemi kalmar ɗaki ko ƙofa a ciki, nan da nan za ki gane.

Sai hoto. Rubutunmu ba ya nuna jan wasali ko hawa da saukar murya, shi ya sa kuka na ido da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, haka gari na zama da gari na tuwo, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. A nan hoto ke taimakon mai koyo. Amma hoton ya zama na abin da yaro ya sani, ya kuma fito sosai, akuya ta yi kama da akuya. Akwai kuma haɗarinsa. Yaro mai wayo yakan dubi hoto ya faɗi suna, uwa ta yi ta murna, alhali ko kallon rubutun bai yi ba. Lokaci lokaci ki rufe hoton da tafin hannunki ki ce ya karanta. In ya tsaya cak, ku koma baya kaɗan, ba tare da faɗa ba.

Girman rubutu ma abin dubawa ne. A shafukan farko kowane harafi ya kai ƙwayar masara, layi biyu ko uku a shafi, da fili tsakanin kalma da kalma. Ƙananan baƙaƙe su fi yawa, domin su ne zai riƙa gamuwa da su, manyan sai a farkon suna da farkon jimla. Sa'an nan ki bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya kafin a biya kuɗi, don bugun jabu ya yi yawa, wani shafin ya ɓace, wani an maimaita shi, wani tawadar ta dushe.

Game da sunayen littattafai, wanda iyayenmu da yayyenmu suka yi firamare da shi shi ne jerin Ka Koyi Karatu na kamfanin NNPC da ke Zariya. In kin dace da littafi na ɗaya, ko sabo ko tsoho a akwatin wani kawu, ki riƙe shi da kyau. Wasu hotunansa sun tsufa, amma an shirya shi ne domin ɗan Bahaushe, mataki bayan mataki. Daga 2015 kuma an gudanar da wani shiri mai suna RANA a jihohin Katsina da Zamfara, wanda hukumar UNICEF ta ɗauki nauyi da tallafin gwamnatin Birtaniya, aka shirya littattafan koyon karatu da Hausa na aji ɗaya zuwa uku, aka raba a makarantun da shirin ya shiga. A Bauci da Sakkwato an yi makamancinsa mai suna Mu Karanta da tallafin Amurka. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, amma ba laifi a tambayi hedimasta ko wata malama ta unguwa ko akwai na aji ɗaya da za a ara. Irinsu ne suka fi bin tsarin da na bayyana, na harafi kaɗan kaɗan.

Masu babbar waya kuma, akwai wani rumbun labaran yara a intanet mai suna African Storybook, wanda aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2014. Kyauta ne, akwai labarai da Hausa, an kuma kasa su daki-daki daga masu kalma ɗaiɗai zuwa masu dogon zance. Shawarata ita ce a zaɓi biyu ko uku a kai shagon kwamfuta a buga su a takarda. In kin miƙa wa yaro waya don karatu, kafin ki juya tuwo ya koma kallon zane mai motsi. Ki lura kuma wasu labaran da Hausar Nijar aka rubuta su, inda ake sa ƴ a maimakon 'y, wasu kuma fassara ce da ba ta zauna ba. Ki karanta da ƙarfi ke kaɗai tukuna. In Hausar ta yi miki tsami a baki, ki bar shi.

In duk waɗannan ba su samu ba, ki yi naki. Ni a ganina ma littafin da uwa ta ɗinka ya fi na kanti a watannin farko. Ki sami kwalin sukari ko na taliya ki yanka bango, ki ninke farar takarda huɗu, ki ɗinke tsakiya da allura da zare, kin sami shafi 16. Ki rubuta da babban alƙalami mai kauri, harafi ɗaya a shafin farko, gaɓa a na biyu, kalma a na uku. Kalmomin ki ɗebo su daga tsakar gidanki da gonarku: dawa, gero, wake, masara, rake, rago, jaki, keke, fura, nono. Ɗan Ɗanja ya san rake da tumatir tun kafin ya iya tafiya, ɗan Ƙafur ya san auduga da buhun taki. Ki sa sunansa da na ƙannensa da na akuyar gidan in tana da suna. Ba littafin da aka buga a Ikko ko Ibadan da zai ambaci sunan kakarsa. In ba ki iya zane ba, ki bar shi ya zana da kansa, ko ya zana kaza mai ƙafa huɗu tasa ce. Abu guda dai, ki rubuta da daidaitacciyar Hausa irin ta littafi, ko da a gidanku "hwara" ake cewa ki rubuta fara, ki gaya masa haka ake rubutawa, kada ki ce masa maganar gidansu kuskure ce.

Yanzu sai littafin kunne. A nan ne Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, yake da gurbinsa. Ki zaɓi gajerun labarai masu dabbobi da ban dariya, ki karanta a ranki tukuna, domin wasu labaran na manya ne, wasu kuma suna da ban tsoro ga mai shirin barci. Littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni guda shida na Ibrahim Yaro Yahaya, da suka fito a farkon shekarun 1970, sun fi kusa da shekarun yaron, don tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi ne da wasannin dandali da muka sani. Kada ki karanta kamar mai karanta sanarwa. Ki canza murya, ki tsaya ki tambaye shi me yake jin kura za ta yi, ki bar shi ya riƙe littafin ya juya shafi. Ta nan yake koyon cewa littafi daga gaba ake buɗe shi, layi daga hagu yake tafiya, kuma a cikin baƙaƙen nan akwai abin daɗi da ya cancanci wahala. In ya ce a maimaita labari ɗaya sau goma, a maimaita. Tatsuniyar da kaka ke yi da dare ba ta da bango, amma aikin littafin kunne take yi, kada a bari talabijin ya kashe ta. Waƙoƙin tafi da na gaɗa ma haka, yaron da ya saba tafa hannu a kan ma-sa-ra ya ji gaɓa uku, ya yi rabin aikin haɗa baƙi.

Littattafan soyayya da ke ƙarƙashin matashinki ba na yaro ba ne, wannan ba sai an faɗa ba. Amma ganin uwa riƙe da littafi tana murmushi ita kaɗai yana sa yaro kwaɗayin sanin abin da ke ciki, don haka ban ce ki daina ba.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, wannan aiki naku ne kamar yadda yake na iyayenku. A gidaje da yawa ke ce kaɗai mai iya karatun boko, kuma ƙannenki sun fi sakin jiki da ke. Lokacin hutu, ko ranar da aka rufe makaranta, ki tara su a inuwa, naku da na 'yan ɗaki da na maƙwabta, amma kada su wuce huɗu ko biyar. Bulala ba ta cikin kayan aiki. Kuma a lura, in kuɗin littafi ɗaya ne ya samu, kada a ce na namiji ne ita mace ta jira. Littafi ɗaya yana isar yara biyu in sun zauna kafaɗa da kafaɗa.

Kada zaman ya yi tsawo. Minti goma zuwa sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Ki zaɓi lokacin da yaro ya ci ya ƙoshi, ke ma hannunki ya sauka daga aiki. Da kaka, lokacin da gida ya cika da ɓarar masara da sussukar wake, in ba a sami zama ba ki nuna masa haruffan da ke jikin buhu, ko ki zana masa a ƙasa da tsinke ya taka wanda kika kira. In kin ga kullum yana kai takarda dab da idonsa, ko sai kin ɗaga murya yake juyowa, a kai shi asibiti a duba ido da kunne kafin a ce ba shi da ƙwaƙwalwa.

Yaushe za a wuce zuwa littafi na biyu? Ba ranar da ya iya faɗin na farko da ka ba, don yara suna haddace littafi sarai har da inda ake juya shafi. Ki rubuta masa sabuwar kalma da bai taɓa gani ba, daga haruffan da ya sani, alal misali tasa ki juya ta ta zama sata, ko nama ta zama mana. In ya tsaya ya haɗa ya fitar da ita, ya isa wucewa. In ya kai yana karanta gajeren labari na layi biyar ko shida, ya kuma iya gaya miki abin da ya faru a ciki, to lokacin littafin Turanci ya yi. Kafin nan kina iya koya masa Turancin da baki, gaisuwa da ƙirga da sunayen abubuwan gida, yadda in ya gamu da su a rubuce zai tarar da waɗanda ya sani. A zaɓen na Turancin ma ki bi ƙa'idar nan, wanda ke koyar da sautin harafi da gajerun kalmomi masu bin lafazi, kaɗan kaɗan.

Littafin kuwa a yi masa riga da takardar buhun siminti ko tsohuwar kalanda, a sa shi a leda saboda damina da gara, a rataye inda hannun yaro zai kai amma bakin akuya ba zai kai ba.